Kakana da Ruwan Jazira

Hanyar Makka ce ta kai kakana Sudan, guzuri ya ƙare masa a Jazira. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwan Nilu ke ratsa gonakin auduga, kuma Hausawa irinsa na cikin masu yashe magudanan. Da asuba yake shiga ruwa har ƙugu, yana fidda laka da ciyawa, don in magudanar Abu Ishirin ta toshe, gonar ƙarshe ce za ta ƙone. A nan tsargiya ta kama shi. Ko taki ɗaya ba a rubuta da sunansa ba, a kambon 'yan ƙodago ya rasu. Yau dawa nake aunawa a kasuwa. In mudu ya cika, sai in ce Allah ya jiƙan Kaka.