Gaskiya da Yarda a Ƙasar Damargu

Gaskiya ita ce magana ta dace da yadda abu yake. Idan aka ce rijiyar wani ƙauye tana da ruwa, maganar ta tabbata in guga ya sauka ya fito da ruwa, ta kuma faɗi in ya fito da yashi. Yarda kuwa a zuciya take: mutum ya ɗauka abu kaza haka yake, har ya ɗora aikinsa a kai. Su biyun sukan haɗu, sukan kuma rabu, kuma mai yarda ba ya jin wani bambanci a ransa tsakanin ranar da suka haɗu da ranar da suka rabu. Wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure duk natsuwa iri ɗaya suke ji. Nan wahalar batun take.

A Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram, ana biyan kuɗin wannan rabuwa da iri da dabbobi. Ƙasa ce da ke bakin iyakar noma ta arewa wadda dokar Nijar ta shata a 1961, ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 300 ba, damina kuma gajera ce. Ruwa yakan sauka sau ɗaya mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙe, manomi ya tabbata a ransa damina ta kama, ya fitar da irin hatsin da ya hana 'ya'yansa ci tun rani ya shuka. Wani ma binne yake yi tun kafin ɗigo ya sauka. In ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, sai a koma neman wani irin a kasuwa lokacin da ya fi tsada. Manomin bai yi wa kowa ƙarya ba, da zuciya ɗaya ya yarda. Ko da ƙauyen kaf sun yarda tare da shi, yawansu bai ƙara wa gajimare komai ba.

Malaman usulu sun daɗe da rarraba yarda mataki-mataki. Akwai yaƙini, inda babu sauran kokwanto. Akwai zato mai rinjaye. Akwai shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki. Sai wahami, wato riƙe ɓangaren da ya fi rauni. Malaman tauhidi da ke bin tafarkin Muhammadu ɗan Yusufu as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma aka daɗe ana karanta littafinsa Ummul Barahin a zaurukan ƙasar Hausa, sun gindaya wa sani sharuɗɗa uku: zuciya ta yanke, abin da ta yanke ya dace da haƙiƙa, kuma ya kasance bisa dalili. In na biyu ya faɗi, an samu jahilci mai ruɓi biyu, mutum bai sani ba kuma yana ganin ya sani. In na uku ya faɗi, koyi ne kawai aka yi da wani. Abin lura shi ne, malaman da suka fi kowa girmama imani su ne suka ƙi yarda ƙarfin zuciya shi kaɗai ya tsaya a matsayin hujja. Masana falsafar Turai ma, tun daga tattaunawar Aflatun a kan ma'anar sani, kusan waɗannan ukun suka riƙe.

Sai dai ukun na iya cika a ido, sani bai samu ba. Wani masani ɗan ƙasar Indiya mai suna Dharmottara ya kawo misali tun ƙarni na 8, kuma duk wanda ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas da tsakar rana zai gane shi. Matafiyi mai ƙishi ya hango ruwa daga nesa, alhali kawalwalniya ce. Ya nufi wurin, da ya isa sai ya tarar da ruwa na gaske a ƙarƙashin dutse. Abin da ya yarda da shi ya tabbata, yana kuma da dalili tunda idonsa ya gani, amma abin da idon ya gani ba shi ne ruwan ba. Dace ya yi. Edmund Gettier na Amurka ya sake tayar da wannan matsala a 1963 cikin wata maƙala mai shafi uku, har yau ana muhawara a kanta. Abin da ake ɗauka daga nan shi ne a duba hanyar da ta kai mutum ga yarda, domin hanyar da ta yi dace yau ita za ta kai ayari ga halaka gobe.

Makiyaya sun san haka a aikace. Kafin Fulani su tashi da garke zuwa wani wuri, garso, wato ɗan leƙen makiyaya, yakan yi gaba ya duba ciyawa da tabki da idonsa, ya tambayi waɗanda suka fito daga can, ya auna wa ya faɗa da kuma abin da mai faɗin zai samu in an yarda da shi. Mai son ɓoye makiyaya mai kyau zai ce babu komai a can. Gani ya kori ji, amma ba kowa ke iya zuwa ya gani ba, don haka galibin abin da mutum ya sani daga bakin wani ya same shi. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lissafa ƙofofin da ƙarya ke bi ta shiga labari, daga ciki har da son ɓangare, da amincewa da mai ba da labari ba tare da bincike ba, da neman kusanci ga masu mulki. Saƙon murya na WhatsApp da ke yawo yau ba a san wa ya fara shi ba, ta dukkan ƙofofin nan yake shiga.

Yarda kuma takan daɗe fiye da abin da ta dogara a kai. Lokacin da matafiyi Bature Heinrich Barth ya ratsa Damargu a farkon 1851, ya tarar da ƙasa mai ciyar da Abzin da hatsi. Gaskiya ce a zamaninta. Wanda ya riƙe wannan suna ya auna Damargu da shi bayan farin 1973 da na 1984, ya riƙe labarin da ƙasa ta riga ta sauya.

Shekarar 2005 ta fi komai fito da batun fili. Damina ta gaza a 2004, fara ta ci abin da ya rage a yankunan noma da kiwo, buhun hatsi ya kai wajen sefa 30,000 a wasu kasuwanni. A watan Agusta shugaban Nijar Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, a watan nan kuma babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya zo Damagaram ya ga yara a cibiyoyin jinya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar. Ko mai musu ya yarda da maganarsa har zuci ko bai yarda ba, nauyin yaron da aka ɗora a sikeli bai canja ba. Masana ma sun yi nasu kuskuren, kuma ya fi ban tsoro domin da alƙaluma aka yi shi. An ɗauka yunwa tana inda gona ta gaza ne kawai, sai ga mafi yawan yaran sun fito daga kudancin Maraɗi, inda ake noma sosai, amma talaka ya sayar da hatsinsa da kaka don biyan bashi, ya kasa sayensa da bazara. Bisa waccan fahimta aka daɗe ana sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko kuɗin rangwamen, rabon kyauta bai kankama ba sai wajen Agusta.

An gyara wasu abubuwa daga baya. A 2006 gwamnati ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, aka kuma shiga auna yara a kai a kai da bin farashin kasuwa, maimakon dogaro da lissafin girbi kaɗai. Da fari ya dawo bayan daminar 2009, gwamnatin Salou Djibo da ta karɓi mulki a Fabrairun 2010 ta fito fili ta ce akwai yunwa, ta nemi taimako tun a watan Maris. Agaji ya iso da wuri fiye da na 2005, ko da yake makiyayan arewa sun yi asarar dabbobi masu yawa kafin ciyawa ta fito.