Mai Gyaran Wuta Da Rana Ake Neman Sa

A yawancin gidajenmu, idan ka duba wayar uwar gida za ka tarar da lambar mai kawo ruwa, da ta mai adaidaita sahun da ke kai yara makaranta, da ta tela, wani lokaci har da ta mai markaɗe. To amma ku koma gida yau ku tambaya, wa ke da lambar mai gyaran wuta? Da wuya a samu. Ba a tuna shi sai soket ya fara hayaƙi, kuma soket ba ya duba agogo kafin ya fara.

Ina aji biyu na babbar sakandare na ga abin da wannan ke jawowa. Damina ce, an yi iska mai ƙarfi bayan sallar isha'i, ruwan bai sauko ba tukuna. Muna falo sai ƙwan lantarki ya yi wani irin haske fari fat, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinke daga silin. Kafin mu ce me ke faruwa, ƙwan tsakar gida ya fashe, ƙaurin roba ya cika ɗaki. Babanmu ya yi tafiya. Yayata ce ta zabura ta nufi soro, ta kama hannun canjoba, akwatin nan da ake sauya wutar Nepa da ta janareto, ta mayar da shi tsakiya. Gida ya yi duhu, ya yi tsit. Daga maƙwabta kuwa sai salati kake ji, wannan firjinsa, wancan talabijin ɗinsa.

Nan aka shiga neman mai gyara. Shagunan masu sayar da kayan wuta duk an rufe. Samarin majalisar ƙofar gida kowa na da “wani yaro da ya iya wuta”. Can sai ga ɗaya an kawo, da filaya a aljihun baya, silifas ɗinsa a jiƙe, yana cewa a samo masa tsani ya hau falwaya, minti biyar ya gama. Umma daga bayan labule ta ce a ba shi haƙuri, ba da yawunta ba ɗan wani zai hau falwaya cikin daren nan. Wani dattijon maƙwabcinmu da muke kira Kawu ne ya lalubo lambar mutumin da ya yi masa wayarin gidansa shekaru da dama da suka wuce.

Mutumin ya iso a kan tsohon babur, da jakar kayan aiki da tocila. Bai taɓa komai ba sai da ya yi tambaya.

“Hajiya, wa ya kashe canjoban nan?”

“Yarinyar nan ce, Malam.”

“Allah Ya yi mata albarka. Kada wanda ya sake taɓa shi.”

Ya ciro na'urar awon wuta, ya ɗora wayoyinta biyu a inda wuta ke shigowa, ya kira ni. “Samari, zo ka karanta mini, idona ba ya gani sosai da dare.” Lambar da na gani ta haura 350. Ya ce matsalar ba a cikin gidanmu take ba, iska ce ta tsinke wayar nutural a kan layi, kuma wannan ba aikinsa ba ne, ba aikin kowa ba ne a unguwar sai ma'aikatan kamfanin wuta. A kwana a duhu, da safe a kai rahoto. Ya bi gidajen layinmu yana faɗa wa kowa ya kashe babban makunninsa. Kuɗin mai kawai ya karɓa.

Sai daga baya, a darasin Fiziks, na fahimci abin da na karanta a daren. Idan kun ɗaga kai kun dubi falwayar unguwarku, galibi wayoyi huɗu za ku gani. Uku su ne masu ɗauke da wuta, masu gyara na kiran su fes, ta huɗun ita ce nutural. Tsakanin kowace ɗaya cikin ukun da nutural akwai bolt 230, kuma a kan haka aka ƙera firjinmu da fankarmu da cajar wayarmu. Amma tsakanin fes da fes, kusan bolt 400 ne. Idan nutural ta tsinke, sai gidajen da ke kan fes daban-daban su zama kamar an jera su a kan bolt 400 ɗin nan suna rabawa, rabon kuma ba na adalci ba ne. Wani gidan wutarsa ta yi ƙasa har ƙwai ya koma ja kamar garwashi, wani kuma ta yi masa yawa ta ƙone kaya. Wannan shi ne abin da muke cewa “an kawo wuta da ƙarfi”. Ba abin da filaya za ta gyara a cikin gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutumin ya san iyakar aikinsa. Daga taransifoma zuwa falwaya har zuwa mita, hurumin kamfanin rarraba wuta ne. Daga bayan mita zuwa cikin ɗakuna, na mai gida ne da wanda ya kira. Har yanzu bakinmu ya saba da Nepa, alhali tun 2005 aka sauya ta zuwa PHCN, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni 11. KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Na Jos ke da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola ke da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, na Abuja kuma ke da Babban Birnin Tarayya da Neja da Nasarawa da Kogi. Ya kamata kowane gida ya san ofishin da ke kula da unguwarsa.

To yaya ake gane na ƙwarai? Akwai takarda, kuma ba laifi ba ne a tambaya. Wasu sun yi kwalejin fasaha sun rubuta jarrabawar NABTEB, wasu suna da shaidar gwajin sana'a, kuma akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA da ke ba masu aikin wayarin lasisi. Amma gaskiya, da yawa daga cikin gwanayenmu a hannun oga suka koya, shekara da shekaru suna riƙe tsani. Ni a ganina shaidar da ta fi ƙarfi ita ce gidan da mutum ya yi wa aiki shekara biyar ko goma da suka wuce, har yau masu gidan ba su kuka da shi ba. Wannan kuwa sai an yi tambaya, a masallaci, a wurin maƙwabta, a shagon masu kayan wuta, ko da yake mai shago wani lokaci wanda ke kawo masa ciniki zai nuna maka. Tambaya irin wannan da rana ake yin ta, hankali kwance. Ƙarfe goma sha ɗayan dare, da ƙauri a hanci, duk wanda ya zo da filaya gwani ne.

Idan ya zo kuma, aikinsa zai faɗa muku ko wane ne. Na ƙwarai yakan fara tambayar inda ake kashe wuta, ya kashe, sannan ya sa tasta ya tabbatar. Ku kula da abin da zai yi da fis. Fis siririyar waya ce da aka sa da gangan don ta narke idan wuta ta yi yawa, ita ta mutu gida ya tsira. Bireka ma aikinsa ke nan, sai dai shi faɗuwa yake a tashe shi. Wanda ya ga fis na yawan ƙonewa, bai nemi dalili ba, ya nannaɗa masa waya mai kauri ya ce “yanzu ba zai sake ba”, gaskiya ya faɗa, ba zai sake ba. Wayar da ke cikin silin ce za ta ƙone a madadinsa. Haka ma wanda ke murɗe waya da waya ya ɗaure da leda, ko ya ja soket da siririyar wayar fitila. A ƙa'ida fitilu kan samu waya mai kaurin 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ruwan zafi kuma abin da ya fi haka.

Idan an samu mutumin, a karɓi lambarsa da ta wani na biyu, don wata rana zai yi tafiya. A rubuta da biro a manna kusa da mita. Ranar da ake buƙata, mai yiwuwa wayar da lambar ke ciki ba caji, ko mai ita ba ya gida.

Ku kuma ɗalibai, ban ce ku zama masu gyara ba. Sukundireba da soket ba naku ba ne, ko da kun ci A1 a Fiziks. Amma lissafin da kuke yi a aji yana da amfani a gida. Bolt sau amfiya shi ne wat. Fulogi mai ƙafa uku amfiya 13 ne iyakarsa, idan kun ninka da 230 za ku samu wat 2,990. Hitar ruwa ɗaya da dutsen guga ɗaya sun kusa cinye wannan, idan aka ƙara butar shayi ta lantarki an wuce. Su kuwa jona masu arha da ake sayarwa a bakin titi, wayar cikinsu ba ta ɗaukar ko kusa da haka. Da sanyin hunturu, kowa na son ruwan zafi, a jona hita a bar ta, a ɗauke wuta a manta, a kawo wuta cikin dare kowa na barci. Idan aka ɗauke wuta, ɗaya daga cikinku ya zama shi ke zagayawa yana zare hita da dutsen guga. Kada kuma wanda ya tsoma yatsa a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi alhali hita na jone.

Soket da ya yi baƙi, makunnin da ke zafi ko ƙara, famfo ko jikin firji da ke ɗan jan mutum, duk ku faɗa wa manya a ranar, ku kuma ci gaba da faɗa har a kira mai gyara. Ku sa a nuna muku babban makunnin gidanku, mata da maza, ku san yadda ake kashe shi cikin duhu da busasshen hannu.

Idan wuta ta kama daga waya ko soket, ba a watsa ruwa, domin ruwa na ɗaukar lantarki ya kawo shi jikin mai watsawa. A kashe babban makunni, a fitar da yara da tsofaffi, a yi amfani da busasshen yashi idan wutar ƙarama ce, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Idan wuta ta riƙe mutum, wanda ya cafko shi da hannu shi ma ya shiga. A kashe wutar, in ba hali a ture shi da busasshen itace, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. Wasu za su ce a ɗura masa madara. Madara ba ta maganin wutar lantarki, kuma ɗura wa wanda ya suma abu na iya shaƙe shi. Asibiti ake kai shi ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, saboda lantarki na iya rikita bugun zuciya ko ya ƙona ciki ba a gani a waje.

Sai janareto. Akwai gidajen da, don gudun kuɗin canjoba, suke sa waya mai fulogi biyu su cusa wutar inji ta soket. Idan ba a raba gidan da layin waje ba, wutar nan kan fita ta bi waya har falwaya, taransifoma kuma ta ɗaga ƙarfinta. Ma'aikacin da aka tura gyara ya kashe layi daga can, ya hau da tabbacin babu wuta a kai, bai san wani gida a ƙarshen lungu ya tayar da inji ba.