Ziyara Dessau, Inda Mai Zanen Gini Ya Yi Karatu Tare da Masaƙi

Daga Berlin na shiga jirgin ƙasa zuwa Dessau, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ta cikin dazuzzuka da gonaki. Gari ne madaidaici a jihar Saxony-Anhalt ta Jamus, ba shi da hayaniya. Abin da ke kawo masa baƙi daga ko'ina shi ne ginin makarantar Bauhaus, wanda daga tasha ana isa da ƙafa cikin 'yan mintuna. Tun daga nesa ake hango bangonsa na gilashi mai hawa uku, da sunan makarantar da manyan haruffa, jere daga sama zuwa ƙasa.

Walter Gropius ne ya kafa makarantar a birnin Weimar a 1919. Da gwamnatin jihar da Weimar ke ciki ta zabge mata kuɗi, sai ta dawo Dessau a 1925, aka buɗe wannan gini a watan Disamba na 1926. Ofishin Gropius ya zana ginin, amma kayan cikinsa malamai da ɗalibai ne suka yi su a ɗakunan sana'a na makarantar.

Da na shiga babban ɗakin taro na ga wannan da idona. Kujerun da ke jere, na bututun ƙarfe da ƙyalle, aikin Marcel Breuer ne, wanda ya fara a matsayin ɗalibi har ya zama shugaban sashen kafinta. Fitilu daga sashen ƙira suka fito. Launin bango da na silin kuwa tsarin Hinnerk Scheper ne, shugaban sashen fenti, wanda ya yi amfani da launi don ya nuna wa mai tafiya cikin ginin inda yake da inda ya dosa. Ɗakin taro da dandamalin wasan kwaikwayo da ɗakin cin abinci suna kan layi ɗaya, katangar da ke tsakaninsu ana iya naɗe ta, wurin ya zama fili guda.

Tsarin karatun ne ya haifar da wannan haɗin hannu. Duk wanda aka ɗauka, ko gini yake so ko saƙa, sai ya fara da ajin share fage tare da kowa. A nan malami Josef Albers kan ba ɗalibai takarda kawai, ya ce su lanƙwasa ta, su yanka, su gano nauyin da za ta iya ɗauka. Daga nan ɗalibi ya shiga sashen sana'a ya zama ɗan koyo, ya san katako da ƙarfe da zare da hannunsa. Sashen zanen gine-gine kansa sai a 1927 aka buɗe shi, shekara 8 bayan kafa makarantar, aka danƙa shi ga Hannes Meyer, ɗan ƙasar Suwizalan.

Meyer ya gaji Gropius a shugabancin makarantar a 1928, ya ƙara matsa ƙaimi. Yakan haɗa sababbin ɗalibai da tsofaffi a ƙungiya ɗaya, ya ba su aikin kwangila na gaske. Don ganin sakamakon na nufi unguwar Törten a kudancin gari. A can akwai benaye 5 na jan bulo, masu gidajen haya 90, waɗanda sashen zanen gine-gine ya tsara tsakanin 1929 da 1930 don masu ƙaramin ƙarfi. Har yau mutane na zaune a cikinsu.

Akwai inda makarantar ta gaza. Ta yi alkawarin daidaita maza da mata, amma akasarin mata sashen saƙa aka tura su. Duk da haka sun nuna abin da masaƙi zai yi wa gini. Lokacin da Meyer ke gina makarantar ƙungiyar ƙwadago a Bernau, kusa da Berlin, ɗakin taronta na buƙatar abin da zai rage amsa-kuwwa. Anni Albers, ɗaliba a sashen saƙa, ta saƙa ƙyallen bango mai shanye sauti, fuskarsa kuma tana ƙara wa ɗaki haske. Da wannan aiki ta karɓi takardar kammala karatunta.

'Yan Nazi sun sa an rufe makarantar a Dessau a 1932, ta koma Berlin ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Mies van der Rohe, ta watse a 1933. Hukumar UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihi na duniya a 1996. Ɓangaren da ɗalibai suka zauna, mai ɗakuna 28, yanzu baƙi na iya kama ɗaki su kwana.

A hanyar komawa Berlin tunanina ya tafi ga namu jami'o'in. Da dama cikinsu suna da sashen zanen gine-gine, da na tsara birane, da na zane-zane, da na injiniya a haraba ɗaya. Ina kira ga malamai su ware ko da zango ɗaya da ɗaliban waɗannan sassa za su yi aiki guda tare, kamar tsara asibitin unguwa ko kasuwa, a ba su maki tare, kafin su haɗu a wurin aiki bayan sun gama karatu.