Shekarar da Salati Ya Shigo Garinmu

A ƙasar Sarkin Hausa, tsakanin Mayahi da Tasawa, ɗanyen ganye abin damina ne lokacin ƙuruciyarmu. Ruwa na zama, tafasa da lalo da gasaya su fito da kansu, rama da yakuwa da kuɓewa kuma a shuka su a gefen gonar gero. Iyayenmu mata su tsinko, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, saura a shanya bisa tabarmar kaba. Da kaka ta wuce kuwa, sai busasshe: kuka, garin kuɓewa, kauɗar tumatir, gabu, daddawar batso. Haka tukunya take tafiya har ruwan farko, ba wanda yake ganin wani abu ya rage.

Shekarar 1984 ce ta sauya lissafi. Damina ta ƙi, gero ya tsaya bai fid da kai ba. Ga shi tun watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da mazanmu suke bi zuwa cin rani Katsina da Kano ta toshe. Shi ya sa har yau tsofaffi suke kiran wannan yunwa El Buhari. Mata suka koma jeji neman anza, 'ya'yan da sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya bari a ci.

Cikin wannan hali Shugaba Seyni Kountché ya yi shelar noman rani, abin da ma'aikata suke kira kwantar-sezon. Rediyo ba ta da wata magana sai ita. Aka kawo iri cikin 'yan takardu masu hoto: salati, shu (wato kabeji), karoti, dankalin turawa. Matasan ƙungiyar Samariya suka sari ƙaya suka yi shinge kusa da rijiya, malamin gona ya ja igiya ya yanka fangali, ya nuna yadda ake dashe da yamma don kada rana ta kashe shuka. Aikinmu mu yara shi ne ban ruwa kafin lakwal da bayan an taso. Wasaki ya fito, a juye a kwatarniya, mu ɗiba da gwangwanin da aka huhhuda wa gindi da ƙusa. Rairayin nan yana shanye ruwa tamkar baƙon da ya kwana a hanya: ka zuba, ka juya, ka waiwayo, ya bushe.

Ranar da na kai salatin farko gida, kakata ta juya ganyen a hannu ta sansana.

"Kai ɗan nan, wannan minti nawa yake yi a wuta?"

"Iya, ba a dafa shi. Wankewa ake yi, a sa mai da gishiri."

"To kai wa akuya, ita ce aka halitta wa ɗanye."

Shu ne ya samu shiga wajenta, don yana dahuwa, yana karɓar ƙuli da yaji, kuma yana cika ciki. A ganina nan masu shirin suka yi gaggawa. Sun kawo abin da ake ci a teburin Yamai, alhali zogale da yakuwa da albasa, waɗanda kowace mace ta san yadda za ta yi da su, su ne suka fi cancantar ruwan da muke sha wa wahala.

Ruwan kuwa shi ya raba gardama. Garuruwan da ke cikin kwarin Gulbin Kaba, inda goruba take da yawa kuma ruwa bai yi nisa ƙwarai ba, garkarsu ta ɗore. Mu na kan jigawa rijiyarmu zurfi gare ta, kuma ita ce ta sha, ita ce ta dabbobi. Da damina ta gyaru aka cika rumbu, shingen ya zama itacen girki.

Abin da ya saura shi ne ɗanɗano, kuma kasuwa ce ta riƙe shi. Tasawa tana bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, don haka albasar Galmi da kayan lambun Jiratawa da tattasan Difa suna sauka can. Daga nan mata 'yan kasuwa suke sarin kwando, su hau amalanke zuwa kasuwannin ƙauye, su kasa kashi-kashi, na dala biyar, na dala goma. Ba a cika ambatonsu in ana labarin noman rani ba, amma ba don wannan kashin na dala biyar ba, da tumatir ɗanye bai shiga miyar talaka a watan Janairu ba.

Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004, ta sake tuna wa mutane garka. A lokacin an riga an sami ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, mata suna da ɗan jarin sayen iri da kansu. Daga baya shirin noma na 3N na zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou ya zo da nasa tallafin, yanzu kuma akan ga famfo mai aiki da hasken rana yana cika tanki, aikin da ya cinye mana tafin hannu.

Matsala guda dai tana nan yadda na bar ta. Kowa yana dashe lokaci ɗaya, da sanyi, kowa yana tsinka lokaci ɗaya. A Fabrairu tumatir yakan yi arhar da mai garka take yanka shi ta shanya don kada ya ruɓe a kwando. Zuwa Mayu, lokacin da zafi ya ƙone fangali kuma rumbu ya fara ƙasa, ita ɗin ce take tsayawa gaban mai tebur tana taya ƙwaya uku da aka ɗauko daga nesa.