Idon kyamarar da ake bugawa da tawada

'Yan uwana 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan Fizis da Kemistiri masu shirin zaɓar furojet, ku ɗan ba ni minti biyu.

Duk wanda na ce wa furojet ɗina kan na'urar gane haske ce da ake bugawa da firinta, sai ya yi dariya, wai ko sana'ar fotokwafi na koma. To, ga yadda abin yake. Idon kyamarar wayarka da silikon aka yi shi: ɗigo-ɗigo ne miliyoyi, kowanne yana mayar da haske lantarki. Silikon kuwa sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa, ga masana'antar biliyoyin daloli, ga ɗakunan da ko ƙura ba ta shiga. Mu ina muka ga wannan?

A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna cewa wata irin roba ma tana ɗaukar lantarki, har aka ba su kyautar Nobel a 2000. Yanzu ana narkar da sinadarai irin su P3HT da PCBM su zama tawada, a shimfiɗa ta siririya a kan gilas ko leda. Haske na bugowa, P3HT ya saki ilaktaron, PCBM ya cafke, sai lantarki ya gudana. Kamfanin Isorg na Faransa ta wannan hanya ya buga na'urorin karanta zanen yatsa. Panasonic da Fujifilm ma a 2013 sun bayyana idon kyamara mai shimfiɗar sinadarai 'yan wannan dangi.

Wahala fa akwai ta. Iska da danshi su ne manyan abokan gabar sinadaran nan, kun kuwa san daminar Kudu. Samfurin da na haɗa ranar Litinin, kafin Laraba ya yi sanyi. Kuɗin sinadari mu uku muka yi karo-karo, kuma sau biyu wuta tana ɗaukewa muna tsakiyar gasa samfur.

Duk da haka wallahi ban ga fannin da ya fi dacewa da ƙaramin lab irin namu ba. Ranar da na haska tocilan a kan gilas ɗin da na shafa wa tawada da hannuna, na ga mita ta motsa, sai da na yi hamdala a fili. Furojet ɗin kwafe-kwafe daga intanet ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Mai sha'awa ya same ni a masallacin makaranta bayan Azahar. Allah Ya ba mu sa'a.