NAUYIN KUNAMA

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mani rai, wato maganar kunamar bindiga. Mu marubuta mun saba mu rubuta cewa wane ya ɗana bindiga ya danna kunama, mu wuce abinmu a layi ɗaya kamar wanda ya kunna fitila, alhali kuwa tsakanin ɗora yatsa da tashin harsashi akwai ɗan lokaci ƙanƙane wanda rayuka da dama suka rataya a kansa.

Duk wanda ya kalli finafinan kaboyi ya san irin bindigar nan mai wani ƙarfe a ƙarƙashin kunama, wanda ake turawa ƙasa a dawo da shi, kwanson da aka harba ya fice, sabon harsashi ya shiga. Kamfanin Winchester ya yi suna da ita tun samfurin 1873, sai na 1894 wanda John Browning ya tsara, Marlin kuma ya fito da samfurin 336 a 1948. Har yau mafarautan Amurka na harbin barewa da su. To, kamfanonin nan sukan bar kunamar da ɗan tauri, sai mutum ya ja da nauyin da ya kai kilo biyu ko uku kafin ta saki. Wasu masu bindigar sai su ce taurin nan yana sa hannu rawa har saiti ya kauce, don haka sai su sayi wata kunamar daban daga ƙananan masana'antu a sauya masu, nauyin ya sauko wajen rabi. Amma fa a can, gwanin gyara yana da ma'aunin da yake gwada nauyin da shi, kuma ba ya miƙa wa mai ita sai ya jarraba ta babu harsashi, ya tabbatar ba ta saki da kanta in ta bugu.

Mu a ƙasar Batsari da Safana ba mu da Winchester. Abin da muka tashi muka tarar shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasu su kira ta harba-ka-ruga, domin in ka harba sau ɗaya sai ka nemi wurin laɓewa kafin ka sake ɗuri. Tun dokar makamai ta 1959 riƙe ta sai da lasisi, gyaranta ma sai da izini. A da, in ka ga bindiga a gida to gidan maharba ne, masu shiga dajin Rugu neman gada da zomo da zabin daji. Maharbi yakan yi shekaru yana bin ubansa a baya, yana riƙe mashi burgami, kafin a yarda ya ɗora yatsa a kan kunama. Ita kuwa kunamar tasu tauri gare ta sosai, kuma ban taɓa jin wani tsohon maharbi ya yi ƙorafi a kai ba.

Sai zamani ya juya. A watan Mayun 2019 ɓarayin daji suka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har aka ɗauko gawarwakin zuwa cikin birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Agustan 2021 gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Daga nan tela da mai shayi da ɗan acaɓa kowa ya nemi bindiga, maƙeran da muka sani da ƙirar fartanya da galma suka koma gyaran bindigogi, tun da noman ma ya gagara.

Ina da kawu maƙeri a wani ƙauye na ƙasar Safana, dattijo ne mai ƙarancin magana. Wata rana da damina ina zaune a maƙerarsa muna gaisawa, sai ga wani saurayi ɗan sa-kai da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya durƙusa ya gaida shi, ya ajiye bindiga a gabansa.

"Baba, so nake a sassauta mani kunamar nan, ta yi tauri da yawa. Shekaranjiya da suka shigo, kafin in ja har mutumin ya shige bayan kuka."

Kawu ya ɗauki bindigar ya jujjuya ta, ya tabbatar babu ɗuri a ciki, ya ja kunamar sau biyu yana kasa kunne. Ya ce, "Yaro, lafiyarta lau. A ina kake ajiye ta in ka koma gida?"

"A bayan ƙofa, Baba."

"Ƙannenka nawa a gidan?"

Saurayin ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, su fa AK-47 ke hannunsu, harsashi talatin a ciki. Ni ɗaya tal gare ni. In ban riga su ba, sun riga ni."

Kawu ya ce, "Na ji, kuma ban ce ƙarya ka faɗa ba. Amma ɗan wurin nan da ƙarfe ya kama ƙarfe, in na sa magagari na ci shi, ba ya dawowa. Ɓarawo kana haɗuwa da shi sau ɗaya a wata, ƙannenka kuwa kullum suna wucewa ta bayan ƙofar nan. Ɗauki abinka, Allah ya tsare."

Saurayin ya fita ransa a ɓace. Daga baya muka ji ya kai ta wurin wani maƙerin a wata kasuwa, an yi mashi yadda yake so. Ba a rufa wata biyu ba, suna dawowa daga sintiri da asuba su biyu a kan babur, suka faɗa wani rami, bindigar ta bugu da ƙarfen babur ta tashi. Abokinsa da ke tuƙi ta samu a cinya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau da sanda yake tafiya, kuma shi ne mai ciyar da mahaifiyarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka na kawo labarin nan ne don in zargi yaron. Wanda ya kwana a kan rufin soro yana jin kukan matan unguwarsu, ba ni da bakin da zan ce mashi ya yi gaggawa. Hasali ma maganarsa tana da hujja, domin kunama mai tauri takan ja hannu saiti ya kauce. Sai dai Ba'amurken nan da ke sassauta tasa, yana ajiye ta ne babu harsashi, ya ɗauko ta lokacin farauta, ya harbi dabbar da ba ta ramawa. Namu kuwa a ɗure take kwana, a ɗure take hawa babur, a hannun mutumin da bai yi barci ba, cikin duhu, zuciyarsa na dukan uku-uku. A irin wannan hali taurin kunama shi ke ba mutum damar ya gane cewa inuwar da ke tahowa maƙwabcinsa ne ya fito kewayawa. Duk wanda ya zauna a garuruwan nan ya ji labarin wanda aka harba bisa kuskure, in ya so a ce tsautsayi ne, a yi ta'aziyya a watse.

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, aka ɗauki matasa aka ba su horo. A 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Safana. Ko me mutum zai ce a kan sulhun, bindigogin da aka saya a shekarun nan ba su je ko'ina ba, suna nan a bayan ƙofofi da ƙarƙashin gadaje, kuma yaran da ke rarrafe a 2021 yanzu hannunsu ya kai inda aka rataye su.

Don haka roƙona ga duk wanda ya san an taɓa kunamar bindigarsa, ya daina barin ta a ɗure a cikin gida, ya nesanta ta da yara, ya nemi wanda ya san aikin ya duba mashi. Shugabannin 'yan sa-kai da sarakunan maƙera su ma su sa baki, domin maganarsu ta fi tawa shiga kunne. Bahaushe bai kira ƙarfen nan kunama a banza ba, ya san ba ta tambayar wanda ta harba ko na gida ne.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba masu jinya lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Mu haɗu a mako mai zuwa don ci gaban labarinmu, in Allah ya kai mu.