Tsakanin "Waka" da "Uwaka"

'Yan'uwa ɗalibai, ni ba Bahaushe ba ne. A Fatakwal aka haife ni, a unguwar Diobu, kuma a kasuwar Mile One na fara tsintar Hausa, wajen wani dattijo mai sayar da albasa kusa da rumfar mahaifiyata. Baba nake ce masa. Shi ya koya mini "ina kwana" da ƙirga kuɗi, a wurinsa kuma na gane cewa kora iri-iri ce.

A garinmu akwai hanyoyi da dama na cewa mutum ya tafi. 'Yan boko suna cewa "get out", wato fita, sai dai wannan tana bukatar ɗaki da ƙofa. Idan rai ya ƙara ɓaci sai su ce "get lost", wadda ta yi daidai da "ɓace mini da gani". A kasuwa kuwa Turancin buroka ne sarki. "Comot" ta samo asali daga "come out", amma ta koma nufin "kauce" ko "ba ni wuri". Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "carry your wahala go", domin buroka ta ari kalmar wahala, ga shi har Bahaushe ana kora da ita. Sai kuma "waka", daga "walk", wato tafiya.

Wannan ta ƙarshe ce ta jawo mini. Ina ɗan shekara 14, wata rana ɗan Baba, yaro ƙarami, ya dame ni da wasa ina tsakiyar lissafin ciniki. Sai na ware yatsuna biyar a fuskarsa na ce, "Waka!" Haka na ga direbobi suna yi a titin Ikwerre, kuma a zatona ma'anarta "yi gaba" kawai. Yaron ya fashe da kuka. Baba bai ce uffan ba, ya ja hannun ɗansa. Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa a daƙile.

Ran na huɗu mahaifiyata ta sayi goro ta tura ni. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, korarsa kawai na yi."

Ya ce, "Ɗana, ba kora ka yi ba. Abin da ka yi da hannu sunansa daƙuwa, abin da ka faɗa kuma 'uwaka' ne. Uwarsa ka zaga, kuma bara ta rasu."

Na rasa inda zan sa kaina. Ashe "waka" biyu ce a buroka: ɗaya daga Turanci, ɗaya daga Hausa, hannu ne yake raba su.

Bayan ya huce, sai ya jera mini kalmomin kora na Hausa daki-daki. "Ba ni wuri" ta fi sauƙi. "Kama gabanka" ta ɗan fi zafi. "Ɓace mini da gani" sai rai ya ɓaci sosai. In wanda ya gundure ka ya tafi da kansa, kana iya cewa a bayansa, "Allah raka taki gona." Almajiri kuwa ba a korarsa, "Allah ya ba da haƙuri" ake ce masa. Ya ce in lura, duk cikinsu babu wadda ta taɓa iyayen mutum. Kora a kanka take tsayawa, zagi kuwa tsallake ka yake yi ya shiga gidanku.

Yanzu idan malam ya zo kan darasin aron kalmomi, wannan rana nake tunawa. Kalma takan yi ƙaura daga harshe zuwa harshe, masu aro su manta nauyinta, amma masu ita ba sa mantawa. Shawarata ga mai koyon harshe irina ita ce, kada ka furta abin da ka tsinta a titi sai ka tambayi mai shi. Ni goro ya fitar da ni, ba kowa ne zai dace da mai haƙuri irin Baba ba.